Amsa ga mai tambaya kan abin da ke riƙe nas a asibiti

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce an ba ki riƙon ɗakin kwantar da marasa lafiya, kina ganin nas-nas ɗinki jikinsu ya yi sanyi, wasu na neman sauyin wurin aiki, kina tambayar me ke sa ma'aikaciyar jinya ta riƙe asibitinta da zuciya ɗaya. Na daɗe a wannan aiki, bari in faɗa miki abin da na gani.

Kuɗi na da nasa, babu mai musu. Shekara da shekaru alawus ɗin hatsarin aiki naira 5,000 ne a wata, sai ƙarshen 2021 aka ƙara shi. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ce nas fiye da 15,000 suka bar Najeriya a 2023, wasu Ingila, wasu Saudiyya. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozomomi, wato NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma alawus ɗin duti da ɗaukar ƙarin ma'aikata na cikin buƙatun. Amma waɗannan ba a hannunki suke ba.

Abin da ke hannunki shi ne jadawalin duti, kuma wallahi ya fi ƙarfin yadda ake zato. Na yi aiki da wata metiron, wato babbar nas, da ba ta taɓa jera wa mace mai shayarwa dutin dare ba, kuma hutun Sallah bi-da-bi take raba shi, wadda ta yi ƙaramar Sallah a gida ita za ta tsaya a babba. Albashinmu ɗaya da na sauran ɗakuna, amma babu wadda ta nemi barin ɗakinmu. A wani wurin kuwa 'yan gaban goshi ne ke kwashe dutin safe, sauran su yi ta kwana. Nan ne za ki ga takardun rashin lafiya sun yawaita.

Sai maganar tsayawa a bayan ma'aikaciyarki. Mara lafiya ya cika, 'yan jinya su taso wa nas da zagi, alhali oksijin ne babu, ko wuta ta ɗauke janareta ba mai. Idan da safe kika kira ta gaban mutane kika ɗora mata laifi, kin rasa ta, ko da tana zuwa aiki kullum. Ki shiga tsakani, ki rubuta abin da ya faru yadda ya faru, gyara kuma ki yi mata a ofis.

Kayan aiki ma haka. Ba ƙaramin ciwo ba ne ki san abin da ya kamata ki yi, amma ki tsaya jiran a sayo safar hannu da kanula, wato allurar ƙarin ruwa, daga waje.

Duk wadda ta nemi hutun ƙaro karatu, ko na ungozoma ne ko na aikin tiyata, kada takardarta ta kwana a teburinki. Ki sa hannu, ki bi mata ita har ofishin shugabar ma'aikatan jinya. Allah ya taya ki riƙo.