Ku Tambaya Mu Amsa: Sayen Ɗakin Otal da Rangwame a Intanet da Batun Gado Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin raka mahaifina birnin Houston na ƙasar Amurka a watan Mayu domin halartar bikin yaye ƙanwata daga jami'a. Baba ya manyanta, yana buƙatar wanda zai kama masa idan ya tashi da daddare, saboda haka ba zan bar shi a ɗaki shi kaɗai ba, kuma ba zai yiwu mu kwana a gado ɗaya ba. Wani abokina ya nuna mini shafukan intanet da ake taya ɗakin otal a kansu, ko a saye shi da rangwame mai yawa ba tare da an ga sunan otal ɗin ba. Farashin ya yi mini, sai dai ban ga inda zan zaɓi gado biyu ba. Idan na biya, me zai tabbatar mini da cewa za mu samu?
Mai karatu daga Gwale, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun ƙanwarka, ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiyar magana ita ce babu abin da zai tabbatar maka, matuƙar ba ka ga an rubuta gado biyu a shafin biya ba kafin kuɗinka ya fita. Wannan ba kuskure ba ne a tsarin shafin, ba kuma mantuwa ba ce; da gangan aka cire zaɓin, domin shi ne wani ɓangare na abin da kake bayarwa a maimakon rangwamen.

Kamfanin Priceline, wanda Jay Walker ya kafa, shi ya shahara da wannan ciniki tun daga 1998. A tsarin tayi da ya fara da shi a wancan lokaci, mai saye zai zaɓi gari da unguwa da ranaku da darajar otal ɗin da yake so, wato yawan taurarinsa, sannan ya faɗi abin da zai iya biya ya shigar da katinsa. Idan wani otal ya sallama, nan take za a cire kuɗin, sai a lokacin ne za a bayyana sunan masaukin. Idan kuwa aka ce albarka, sai ya dakata ko ya sauya unguwa ko daraja kafin ya sake tayawa. Hotwire ya biyo baya a 2000 da nasa salon, inda ake nuna farashi amma a ɓoye suna. Priceline ya daina karɓar tayi a kan tikitin jirgi a 2016, daga baya na motocin haya da na otal suka bi, don haka abin da abokinka ya nuna maka zai fi kama da Express Deals na Priceline ko Hot Rate na Hotwire, wato tsarin rangwamen da ake ɓoye sunan otal. Tayin ya tafi amma sharuɗɗan suna nan yadda suke: za ka biya gaba ɗaya tun farko, ba a mayar da kuɗi, ba a sauya rana, kuma ba za ka san otal ɗin ba sai ciniki ya faɗa. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai an gaya maka unguwar da bishiyar take.

Dalilin da ya sa otal yake yarda da haka a bayyane yake. Ɗakin da ya kwana babu kowa asara ce da ba ta dawowa, amma idan otal ya karya farashi a fili, baƙon da ya biya cikakken kuɗi zai ji an cuce shi, gobe kuma kowa zai jira ragi. Sai ya miƙa ragowar ɗakunansa ga waɗannan shafuka a ɓoye, da sharaɗin shi zai zaɓi ɗakin da zai ba ka ranar da ka iso. Alƙawarin da aka saba yi shi ne ɗakin zai ɗauki manya biyu. A lissafin otal kuwa, gado ɗaya ya isa manya biyu, ko da mai faɗin inci 54 ne, wato daidai da katifar da muke kira huɗu da rabi. Idan aka ba ku irin wannan, otal bai saɓa alƙawari ba, shafin ma bai saɓa ba, kuma ƙorafi ba zai dawo maka da ko sisi ba.

Akwai abin da ya ƙara wa taka tafiyar nauyi. Watan Mayu lokaci ne na bukukuwan yaye ɗalibai a jami'o'in Amurka, kuma iyalai ne suke cika otal a irin waɗannan ranaku. Ma'aikacin da ya zo taron kamfani a tsakiyar mako babban gado ɗaya yake nema, amma uba da uwa da yara gado biyu suke so, kuma su ne suka kama ɗaki tun watanni da cikakken farashi. Saboda haka ɗakin da kake buƙata shi ne wanda yake fara ƙarewa, ragowar da ake turawa shafin rangwame kuwa galibi masu gado ɗaya ne.

Shawarata a gare ka ita ce kada ka shiga cinikin ɓoye sai idan shafin da kansa ya ba ka zaɓin gado. Wani lokaci Hotwire da Priceline sukan nuna nau'in ɗaki fiye da ɗaya a ƙarƙashin otal ɗin da aka ɓoye, ɗaya mai araha wanda otal ne zai zaɓa, ɗaya kuma da aka rubuta masa gado biyu da ƙarin 'yan daloli a kowane dare. Wannan ƙarin ya cancanci a biya shi, domin ya mayar da roƙo ya zama haƙƙi. Ka duba da idonka cewa an rubuta adadin gadon a shafin ƙarshe kafin biya, ka kuma sake dubawa a saƙon tabbaci da zai shigo maka ta imel. Idan ba ka ga wannan zaɓi ba, ka koma shafukan da suke nuna sunan otal da nau'in ɗaki, kamar Booking.com ko Expedia, ko shafin otal ɗin kansa, ka lissafa bambancin kuɗin na duk kwanakin bayan an haɗa haraji. Sau da yawa ratar takan ragu sosai idan aka kai shafin biya, saboda farashin da ake tallatawa a farko galibi bai haɗa da haraji ba.

Kada kuma ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin biza ta fito, taka da ta Baba. Na san mutane sukan yi gaggawa don kada rangwame ya wuce su, amma ofishin jakadanci bai san da wannan ba, shafin kuma ba ya karɓar hana biza a matsayin uzuri.

To, idan ka riga ka biya, ko kuma ka ga ragin ya kai ka jarraba, ga yadda ake neman gadon. Da zarar an bayyana sunan otal, ka bari 'yan sa'o'i su wuce domin bayananka su shiga kwamfutarsu, sannan ka kira lambar otal ɗin kai tsaye, ba babbar lambar kamfanin da ke kula da rassa ba, ba kuma ta shafin da ka saya ba. Wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi shi yake raba ɗakuna, kuma shi ya san abin da ya rage. A watan Mayu agogon Houston yana bayan na Kano da sa'a 6, don haka idan ka kira bayan sallar La'asar, wajen ƙarfe 4:30, can hantsi ne, ba lokacin cunkoson masu shigowa ba. Ka faɗi sunanka yadda yake a fasfo, ka faɗi ranar zuwa, ka ce da mahaifinka dattijo za ka zo kuma kana kula da shi da daddare, kana roƙon a rubuta muku ɗaki mai gado biyu. Faɗin dalili yana da tasiri, domin ma'aikacin mutum ne, kuma buƙatar dattijo ta fi son rai nauyi a wurinsa. Ka nemi ya ba ka lambar tabbaci ta otal ɗin, wadda sau da yawa ta bambanta da ta shafin, ka tambayi sunansa ka rubuta, ka kuma roƙi a turo maka saƙo cewa an shigar da buƙatar. Idan ya ce sai da ƙarin kuɗi, ka tambaya nawa ne, ka amince tun a waya in ya yi maka, domin wannan ya fi jiran sa'a.

Ka sake kira kwana ɗaya kafin ku taso. Wanda ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai ya yada zango a wata ƙasa kafin ya isa Amurka, kuma yakan isa masauki a gajiye, wani lokaci da daddare. Yawancin otal-otal ɗin can sukan fara ba da ɗaki da misalin ƙarfe 3 na rana, wanda ya riga isowa kuma shi yake samun zaɓi. Ka gaya musu lokacin da kuke sa ran isa domin a keɓe ɗakin da sunanka. Tunda ƙanwarka tana garin, babu laifi ta leƙa da rana ta tuna musu, kuma a ganina wannan ya fi duk wayar da za ka buga daga Kano.

Idan duk da haka kun iso an ce babu, kada ka ɗaga murya, domin a takarda su ne da gaskiya. Ka tambaya ko suna da gado mai naɗewa da ake turowa ɗaki, ko ɗaki mai doguwar kujera da ake buɗewa ta zama gado, ka kuma roƙi a mayar da ku ɗaki mai gado biyu washegari idan wasu sun tashi. Gado mai naɗewa yakan zo da kuɗinsa na kowane dare, kuma ba kowane ɗaki ake yarda a sa shi ba saboda dokar kariya daga gobara. Kai za ka hau shi, Baba ya ɗauki babban gadon. Ka kuma tanadi kati mai kuɗi a ciki, saboda ko ka biya ɗaki gaba ɗaya, otal zai riƙe wani abu a matsayin ajiya har ku fita.

Tambaya: Ni da abokin kasuwancina muna zuwa Istanbul sayo kaya. A tafiyar da ta wuce na kama ɗaki a intanet, na zaɓi wanda aka rubuta wa "double" ina zaton gado biyu ne, muka tarar da ɗaya. Ina kuskuren yake?
Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari

Amsa: Alhaji, a Turkiyya da ƙasashen Turai wannan kalma tana nufin ɗakin mutum biyu mai gado ɗaya. Wanda kuke buƙata shi ne wanda aka rubuta wa "twin", wato ƙananan gadaje biyu, kowanne mai faɗin kusan santimita 90, kimanin ƙafa 3. Idan ka ga an haɗa kalmomin biyu da "ko" a tsakani, ma'anarsa otal ne zai zaɓa, sai ka rubuta musu tun kafin tafiya. A otal-otal da dama na can, abin da ake gani kamar babban gado ɗaya ƙanana biyu ne aka haɗa aka lulluɓe da zanen gado ɗaya, kuma masu gyaran ɗaki za su iya raba su cikin 'yan mintuna. Ka ɗaga zanen ka duba kafin ka sauka ƙorafi.

Tambaya: Mu biyar ne, ni da maigidana da yara uku, babbar tana da shekara 12. Za mu iya sayen ɗaki ɗaya na rangwame mu lallaɓa a ciki?
Uwargida daga Tarauni

Amsa: Hajiya, ban ba ku wannan shawara ba. Ɗakin cinikin ɓoye na manya biyu ne sai idan an rubuta akasin haka, kuma kowane ɗaki yana da iyakar mutanen da doka ta yarda su kwana a ciki. Ko ɗaki mai manyan gadaje biyu a Amurka, irin masu faɗin inci 60, mutum huɗu aka saba ƙayyade masa. Idan kuka bayyana ku biyar, otal yana da ikon ya ce sai kun ƙara ɗaki, kuma a farashin wannan daren za a sayar muku, ba na rangwame ba. Ga kuma umarnin da ya zo a hadisi na raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Ku shigar da adadinku na gaskiya da shekarun yaran tun wajen nema, shafin zai tace muku ɗakunan da za su ɗauke ku. Idan ɗaki biyu za ku kama, ku sani cewa samun masu ƙofa a tsakani shi ma roƙo ne, sai an kira otal an nema.

Tambaya: Shin wannan hanya za ta yi amfani ga mai zuwa Umara da iyayensa?
Mai karatu daga Fagge

Amsa: Ba ta dace ba, Malam. A Makka da Madina batun gado ya fi sauƙi, domin an saba sayar da ɗaki da adadin gadajensa, na mutum biyu ko uku ko huɗu, kuma haka kamfanonin shirya tafiya suke kama shi. Abin da ke raba farashi a can shi ne tazara daga Harami, da ko hanyar tana da hawa, da ko sai an jira motar otal kafin kowace salla. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da ɓoye sunan otal yake hana ka sani. Masauki biyu za su iya zama a unguwa ɗaya a taswirar shafi, ɗaya tafiyar 'yan mintuna, ɗaya kuma tsoho ba zai iya takawa sau biyar a rana ba. Ka nemi sunan otal ɗin, ka duba shi a taswira, ka tambayi ƙofar Harami da ta fi kusa da shi, sannan ka sa a rubuta maka adadin gadajen a takardar biya.