Amsa ga ƴar'uwar da za a cire wa maƙoƙo

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin tambaya ko jiki yana daidaita kansa bayan an cire maƙoƙo, ko kuwa shan magani ne har abada. Shekara shida ke nan da aka cire mini nawa gaba ɗaya, bari in gaya miki abin da na gani.

Ba kumburin kaɗai ake cirewa ba, tiroyid ɗin ne da kansa, ɗan naman da ke gaban maƙogwaro. Shi ke zuba wasu sinadarai biyu, T4 da T3, a jini, su ke riƙe da ɗumin jiki, bugun zuciya, narkewar abinci, har da al'ada. In an cire duka, babu gaɓar da za ta karɓi aikinsa. Gishiri mai ayodin ma ba ya yi, don ayodin kayan haɗi ne, mai haɗawar kuwa ya tafi. In rabi aka cire, sau da yawa ragowar tana isa, amma sai gwajin jini ya nuna.

Ga inda na yi kuskure, kuma ba na so ki yi shi. T4 ba ya ƙarewa nan take, sai kusan kwana 7 rabinsa ke barin jini. A shekarata ta biyu magani ya ƙare mini, na yi kwana goma lafiya lau, na ɗauka na warke. Bayan wata guda, cikin zafin Afrilu da duk Maradi ke kwana a tsakar gida, ni mayafi nake nema. Fuska ta kumbura, ciki ya ɗaure, gashi na zuba, in ɗora tukunya in manta da ita. Har dangi sun fara zancen iska. Da aka yi gwaji, TSH ya haye sama sosai. Wannan TSH daga wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, aikinsa kiran tiroyid. In ba a amsa ba sai ya ƙara ɗaga murya. Daidai ɗinsa kusan 0.4 zuwa 4 ne. Wata biyu na yi kafin in dawo hayyacina.

Maganin levotiroksin ne, wato T4 ɗin ne a ƙwaya, a farmasi za ki ji ana cewa Levothyrox. Likita yana lissafa shi da nauyinki, kusan mikrogram 1.6 a kowane kilo, a sake gwaji bayan sati 6 zuwa 8. In ya yi yawa za ki ji faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu da rashin barci. Ni bayan sallar asuba nake sha da ruwa zalla, in jira rabin awa zuwa awa guda kafin koko. Shayi da madara, kofi da awara suna rage shigarsa jiki; ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyom kuma ki ba su tazarar awa 4. Da azumi nakan farka kafin sahur in sha. Kada ki saya wurin masu talla a rana, zafi yana lalata shi. In kin sami ciki kuma, ki je wurin likita tun satin farko, domin galibi ana ƙara yawansa.

Abu ɗaya da nake so ki kula da shi a kwanakin farko: bayan tiroyid akwai ƙananan ƙullutu huɗu masu riƙe da kalsiyom, aikin tiyatar yakan girgiza su. In kika ji leɓe ko yatsu suna tsira-tsira kamar tafiyar kiyashi, ko hannu yana ƙagewa, ki faɗa wa ma'aikatan nan take, kada ki yi kawaici. Ni a kwana na biyu ya same ni, aka ba ni kalsiyom, cikin ƴan makonni ya wuce.

Kafin ranar aikin ki tambayi likitanki duka zai cire ko rabi, kuma ina za ki riƙa yin gwajin TSH. Allah ya sa a yi a sa'a.