Wai an sa ranar dawowar Almasihu, maigidana zai sayar da shago

Tambaya: Baba Fasto, salama. Ina sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp, mai maganar ya ce an nuna masa ranar da Ubangiji zai dawo, saura 'yan watanni. Maigidana ya ce mu sayar da shagon mu kai wa mai maganar kuɗin a matsayin baiko ga Allah. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, ina tsoron ranar ta riske ni ban shirya ba.

Amsa: 'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ko allura kada ku sayar.

Wannan magana ta ishe ni. Da wuya mako ya wuce ba a miƙo mini waya a ce in saurari wani sabon annabi ba. A Matiyu 24:36 Yesu da bakinsa ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. To abin da ba a gaya wa mala'iku ba, shi ne aka raɗa wa mai lambar asusun banki a ƙarshen saƙonsa? In duniyar za ta tashi nan da wata uku, me zai yi da kuɗin shagonki?

Kuma ba yau aka fara ba. A Amurka, mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, sun jira ranar 22 ga Oktoba, 1844, wasu ko girbi ba su yi ba. Gari ya waye kamar kullum. Harold Camping, wani mai wa'azi a rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu, 2011, da ta wuce ya matsar zuwa Oktoba, daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure. Wannan da sauƙi. A Kanungu ta Yuganda, 'yan wata ƙungiyar addini sun sayar da kayansu sun miƙa wa shugabanninsu kuɗin, ranar da aka sa ta zo ta wuce, a watan Maris na 2000 sama da mutum 700 suka hallaka. Shi ya sa ba na ɗaukar abin da wasa.

Batun barcinki kuma, sake karanta misalin budurwai goma a Matiyu 25. Da ango ya yi jinkiri, duka goman suka yi barci, har da masu hikimar, kuma ba a tsawata musu ba. Abin da ya raba su guzurin man fitila ne, wanda ba a aronsa da tsakar dare. Man nan shi ne tuba ta gaskiya da dogara ga Almasihu, kuma a hali ake ganinsa: turmin da kika ce yadi shida ne ya cika shida, ki biya bashin da kike ta ɗagawa, ki shirya da wadda kuke gaba da ita a zumuntar mata. A ƙarshen surar, a kan mayunwaci da baƙo da majinyaci Sarkin, wato Almasihu, ya yi shari'a. A Matiyu 24:41 ma, mata biyun nan niƙa suke yi aka ɗauki ɗaya.

Maigidanki ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kada ki yi masa gori. Ku zo tare ranar Lahadi bayan sujada, ku taho da wayar.