Amsa ga mai son ƙara kwasa-kwasai don ya gama digiri da wuri a Turkiyya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gan ta ba. Ka ce ka yi shekara ɗaya a wata jami'a a nan Kaduna, sannan ka samu gurbin karatun injiniyan gine-gine a Turkiyya, kuma mahaifinka ne zai ɗauki nauyinka. Kana son sanin ko za ka iya ɗibar kwasa-kwasai fiye da ƙa'ida a kowane zango domin ka gama karatun shekara huɗu cikin uku, da kuma ko za ka iya yin wasu ta intanet kana zaune a gida, don a samu sauƙin kuɗin haya da na abinci.

A ƙasar na yi digirina na farko, kuma a wannan fannin, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka. Dalilinka abin a duba ne, domin dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma duk ɗan kirki zai so ya rage wa mahaifinsa wannan nauyi. Duk da haka shawarata ita ce kada ka ƙara ko da kwas ɗaya a shekararka ta farko, kuma ka cire batun karatu daga gida a ranka gaba ɗaya. Akwai hanyar rage lokacin, zan zo kanta, amma ba wannan ba ce.

Jami'o'in Turkiyya suna lissafin nauyin karatu da ma'aunin nan na ƙasashen Turai, wato ECTS. Kowane zango kiredit 30 ne, shekara 60, digirin shekara huɗu kuma 240. Abin da ɗalibanmu ba su cika lura da shi ba shi ne, kiredit ɗaya yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, kuma ba zaman aji kaɗai ake ƙirgawa ba, har da karatun da za ka yi a ɗakinka, da aikin gida, da rubuta rahoton ɗakin gwaji, da shirin jarrabawa. Idan ka buga lissafin, zango ɗaya yana cin awa 750 zuwa 900, wanda ya haura awa 40 a kowane mako. Ke nan nauyin da aka yanka maka tun farko ya kai na cikakken ma'aikaci, ga shi kuma kana sabon zuwa, kana fama da sanyin da ya fi na hunturun Kaduna nesa ba kusa ba, kana neman izinin zama, kana koyon yadda za ka yi cefane da harshen da ba ka iya ba.

Yanayin koyarwar ma ya bambanta da wanda muka saba. A gida ɗalibi kan iya jingine karatu sai jarrabawa ta matso, ya kwana a aji mako biyu yana haddar takardun malami, kuma ya tsira. A can makin a warwatse yake: akwai jarrabawar tsakiyar zango mai nauyin gaske, akwai ƙananan gwaje-gwaje, akwai aikin da ake miƙawa mako-mako ta shafin jami'a, wanda idan lokacinsa ya cika shafin ya rufe ke nan, ba wanda za ka je ka roƙa. Halartar aji kuma wajibi ce. A jami'o'i da yawa sai ka halarci kashi 70 cikin ɗari na lacca da kashi 80 na aikin ɗakin gwaji kafin a bar ka ka zauna jarrabawar ƙarshe, kuma wanda ya gaza hakan ya faɗi kwas ɗin komai ƙoƙarinsa. Mai ɗauke da kwasa-kwasai fiye da ƙima yakan tarar biyu sun faɗo a awa ɗaya, sai ya riƙa raba ƙafa, daga ƙarshe ya rasa halartar duka biyun.

Wurin da abin ya fi ciwo shi ne kwasa-kwasan injiniya a sarƙe suke da juna. Ba za a bar ka ka ɗauki lissafi na biyu ba sai ka ci na farko, kuma kwas ɗin ƙarfin kayan gini yana jiran wanda ya gabace shi kan daidaiton nauyi, shi ma na zanen kankare da ƙarfe yana jiran wancan. Da yawansu sau ɗaya ake buɗe su a shekara. Idan ka faɗi ɗaya daga cikin na tushe saboda ka raba hankalinka, sai ka jira shekara ta zagayo, duk na bayansa kuma su tsaya tare da shi. Na zauna gida ɗaya da wani ɗan'uwa mai ƙwaƙwalwa sosai wanda ya shigo da irin wannan niyya taka, kwas ɗaya ya kuɓuce masa a zango na biyu, ƙarshenta sai da ya ƙara shekara guda cur, iyayensa suna biyan kuɗin makaranta da na haya. Sauri ya haifi nawa. Ka kuma san cewa makinsu daga AA yake sauka zuwa FF a kan ma'aunin 4.00, kuma DC da DD, wato ƙananan makin da ke dab da faɗuwa, a wurare da dama ci ne na sharaɗi, wanda ba zai amfane ka ba sai matsakaicin makinka gaba ɗaya ya kai 2.00, shi ne kuma ake buƙata kafin a yaye ka.

Hanyar da za ta rage maka lokaci tana cikin shekarar nan da ka riga ka yi a gida. Jami'o'in can suna karɓar buƙatar a yafe wa ɗalibi kwasa-kwasan da ya riga ya ci a wata jami'a, sunan takardar muafiyet, kuma a farkon rajista ake miƙa ta cikin ɗan lokaci ƙanƙane, wanda idan ya wuce da wuya a sake saurarenka. Kwamitin sashe ne zai kwatanta abin da aka koya maka da nasu, don haka takardar sakamako kaɗai ba ta isa ba, sai ka haɗa da bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa, da awanninsa, da sa hannu da hatimin sashenku. Ka nemi waɗannan tun kana Kaduna, ka taka da ƙafarka, domin neman takarda daga ofishin jami'a kana wata ƙasa abu ne mai cin rai da lokaci. Idan Allah Ya sa aka yafe maka lissafi da fizis da kemistiri na shekarar farko, gurbin da suka bari ne za ka cike da kwasa-kwasan gaba ba tare da nauyinka ya wuce kiredit 30 ba. Bayan haka akwai zangon bazara da jami'o'i da dama ke buɗewa, ana biyan kuɗinsa daban, sai dai ka tuna ɗalibin injiniya yana da horon aiki na dole wanda shi ma a lokacin hutun yake faɗowa. Idan kuma makinka ya yi kyau a shekarar farko, dokar makarantar da kanta za ta ba ka damar ɗauko kwas daga ajin sama, da sa hannun malamin da aka naɗa ya zama mai ba ka shawara. Wannan malami ka riƙe shi da kyau, ka je ofishinsa tun makon farko, makon da ake iya ƙara kwas ko ajiye shi. A lokacin ne ma za ka duba ko wani kwas ya hau kan lokacin sallar Juma'a, tun da ranar aiki ce a can, ka nemi a sauya maka rukuni.

Batun karatu ta intanet daga gida kuwa, abin da nake tsoro ya wuce matsalar wuta da ta data. Akwai 'yan kwasa-kwasai na dole, irin su harshen Turkanci da tarihin kafuwar jamhuriyarsu, waɗanda jami'o'i da yawa ke koyarwa ta intanet, amma su ne suka tsara hakan, kuma ba su da yawan da zai sa ka baro ƙasar. Babban abin dubawa shi ne ranar da za ka dawo. Kafin ka yi hidimar ƙasa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Abuja ta tantance takardunka, kuma hukumar NYSC tana duba fasfo da hatiman shiga da fita da izinin zama, don ta tabbatar ka zauna a ƙasar tsawon karatun. Tun da gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairun 2024, bayan rahoton da ya bankaɗo yadda ake sayen digiri, an ƙara sa ido a kan duk mai ɗauke da takardar waje. Ko a 2022, lokacin da yaƙi ya sa makarantun Yukiren suka koma koyarwa ta intanet, hukumar likitoci ta MDCN ta fito ta ce ba ta amince da karatun likitanci ta wannan hanya ba. Kai injiniya za ka zama, COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ita ce hukumarka, amma fasfon da ya nuna kana Kaduna a watannin da takarda ta ce kana aji zai jawo maka tambayoyin da ba ka da buƙatarsu.

Don Allah kuma ka riƙa karɓar takardar sakamakonka mai hatimi a ƙarshen kowane zango, ka adana jadawalin abin da kowane kwas ya ƙunsa, ka ɗauki hotonsu ka aika wa wani a gida. Yaranmu da yaƙin Sudan ya koro a watan Afrilun 2023 sun sha wuya wajen neman gurbi a jami'o'in gida, kuma waɗanda suka fi wahala su ne waɗanda ba su da abin da zai nuna inda suka tsaya. Tsohon fasfonka ma idan ya ƙare kada ka yar da shi, haka katunan izinin zama, ka ajiye kwafin kowanne.

Ka zauna da Baba ka nuna masa lissafin shekara huɗu cikakku, ku yi shiri a kan haka, duk abin da aka yafe maka daga baya sai ya zama sauƙin da Allah Ya kawo. Idan ka karɓo bayanin kwasa-kwasanka daga sashe, ka sanar da ni a nan, in taya ka kwatanta su da manhajar jami'ar da za ka je kafin ka tashi. Allah Ya ba da sa'a.