Wane Aljihu Kuma?

Ka ce a situdiyon nan na hanyar Bauchi mai jita ya ce maka kiɗan kalangunka "ba ya cikin aljihu", shi ne kake tambayata, "Baba, wane aljihu kuma?" To, jawo kujera.

Maganar makaɗan Amurka ce yaran suka aro. Mu nan cewa muke kiɗa ya zauna. Ka taɓa tsayawa ka saurari mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Babu mai ƙirga musu, amma taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta. Kowace ta san gurbinta, ta faɗa, ta fita. Gurbin nan shi ne aljihun.

Kada ka ɗauka bin agogon nan mai ƙirga bugu da suke maƙala maka a kunne a situdiyo shi ke nan. In an saita shi bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne, kuma kowane bugu yana da goshi, da tsakiya, da ƙeya. Wani makaɗin yakan ɗan jinkirta hannu, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai kiɗa ya yi nauyi ya kwanta. Wani ya ɗan riga, kiɗa ya ɗau zafi. Duka biyun daidai ne, muddin inda ka zaɓa nan ka tsaya har a tashi, kai da mai jitar bes kuna dira wuri ɗaya. Nemi faifan mawaƙi Fela Kuti ka saurari Tony Allen, wanda ya kaɗa masa ganguna har 1979. Waƙa takan haura minti 10, hannunsa kamar ba ya so, amma gindin kiɗan ko gezau.

Naka ciwon kuwa na gan shi a bikin Gangare ranar Asabar. Da farko lafiya lau. Ana fara liƙi ka tuna da aljihun rigarka, hannu ya ƙara sauri, ka cika kwalliya, ka baro mai kuntuku a baya yana haki. Ban ce maka uffan ba, ƙafafun masu rawa nake kallo. Gwaggon amarya da ta fito da ƙarfinta, sai da ta nemi inda za ta sa ƙafa ta rasa, ta koma ta zauna.

Gobe bayan la'asar ka zo da kalangunka. Ni zan riƙe kuntuku, kai kuma zubi ɗaya tak za ka yi ta yi, rabin awa, ba kwalliya ko ɗaya. In ka gaji, ka ci gaba.