Tambayi Likita: Sikanin ya ba ni ranar haihuwa biyu, wacce zan riƙe?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo yawancinsu a kan sikanin ne, sai na zaɓi guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Salamu alaikum likita, dan Allah ina da juna biyu, na yi sikanin a asibiti ina wata biyu aka rubuta min ranar haihuwa, yanzu da na shiga wata takwas na sake yi a wani waje nan unguwarmu sai suka ba ni wata rana daban, tsakaninsu kusan sati uku, surukata ta ce dama na'urar nan shaci-faɗi take yi. Wacce zan riƙe? Daga 'yar'uwarku a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki riƙe ta farkon. Ita na'urar nan ba ta san ranar da kika ɗauki ciki ba, awon jaririn take yi sai ta lissafa. A wata ukun farko kusan duk 'ya'ya girmansu ɗaya suke tafiya a ciki, ko ɗan dogaye ko ɗan gajeru, to idan aka auna daga tsakar kai zuwa mazaunai lissafin ba ya kaucewa da fiye da kamar sati guda. Amma da ciki ya tsufa kowane yaro ya kama hanyarsa, wani ya yi ƙiba saboda uwar tana da ciwon suga, wani ya tsumbure saboda hawan jini ko ƙarancin abinci, wani kuma gado ne kawai, a lokacin kai da ciki da ƙashin cinya ake aunawa kuma kuskuren yana iya kai sati uku gaba ko baya. Kin ga Hajiya tana da 'yar gaskiyarta a kan na biyun, ki gaishe min da ita.

Sai dai kar ki jefa takardar ta biyu a ƙarƙashin katifa. Idan ta nuna yaron ya gaza watanninsa da sati uku, mai yiwuwa kuskuren awo ne, mai yiwuwa kuma yaron ne ba ya samun abin da ya ishe shi daga mabiyiya, kuma ba ke ko mai sikanin za ku yanke wannan ba, ki haɗa takardun biyu ki kai wajen awo a wannan satin su gwada jininki su auna cikin. Ita ma ranar da aka rubuta ɗin ƙiyasi ne na ranar da cikin zai cika sati 40, mata kaɗan ne ke haihuwa a ranar cif, daga sati 37 ki zauna da kayanki a haɗe.

Ga masu sabon ciki kuma, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta samu sikanin aƙalla sau ɗaya kafin sati 24. Mu a nan sai ciki ya fito ya yi tulu sannan a tuna da asibiti, alhali tsakanin sati 18 zuwa 22 ne aka fi ganin halittar yaro sosai, zuciya, ƙashin baya, ƙoda, a ga ko tagwaye ne, a ga inda mabiyiya ta zauna.

Tambaya: Likita barka da aiki. An rubuta min sikanin saboda ciwo da nake ji a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, na yi sammako na bi layi tun bakwai, da aka zo kaina matar ta tambaye ni ko na karya na ce koko da ƙosai kawai, wallahi sai ta ce in tafi in dawo gobe. Wannan ba wulaƙanci ba ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Malam ka yi haƙuri, na san zafin bin layi, amma taimakonka ta yi. Inda kake nunawa nan hanta da matsarmama suke. Matsarmama 'yar jaka ce mai tara ruwan ɗaci, da zarar abu mai maiƙo ya shiga ciki sai ta matse ta zubar da ruwan cikin hanji, ƙosai kuwa ai a mai aka tsamo shi. In ta matse ba a ganin cikinta, ko da tsakuwa a ciki sai ta ɓuya, ga iskar da abinci ke tarawa a hanji tana tare hoton. Da ta karɓi kuɗinka ta yi a haka sai ka tafi da takarda mai cewa ba a ga komai ba. Ka zauna awa shida zuwa takwas ba ci, ruwa zalla kaɗan ba laifi, in kana shan maganin suga ka faɗa musu tun ranar da za a ba ka lokaci don su sa ka a farkon layi. Laifin da zan ga na asibitin shi ne in ba wanda ya gaya maka haka tun farko.

Mata masu sikanin mara ko ƙaramin ciki nasu akasin haka ne, ruwa ake so su sha kamar leda biyu na fiya wata, awa guda kafin a kira su, kuma su riƙe fitsarin, don cikakkiyar mafitsara ce ke ture hanji gefe a hango mahaifa. Wani lokaci kuma ta gaba ake yi da siririyar na'ura, shi wannan sai an yi fitsari tukuna, kuma kina da damar ki ce mace kike so ta yi miki ko a tsayar miki da nas a ɗakin.

Tambaya: Anti likita mijina ya hana ni komawa sikanin wai wutar tana ƙona jariri, sau uku na yi. Daga Maraɗi.

Amsa: Ƙanwata ki ce wa maigida ya kwantar da hankalinsa, da hoton ƙashi yake haɗa shi. Shi sikanin sauti ne wanda kunne ba ya iya ji, abin da ake goga miki a ciki shi ke tura shi ya daki jiki ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto, wannan jel mai sanyi kuma aikinsa korar iska tsakanin fata da na'urar. Tun 1958 wani likita Ian Donald a birnin Gilasgo na Birtaniya ya wallafa aikinsa a kai, har yau ana yi wa masu ciki a ko'ina kuma ba a tabbatar yana cutar da jariri ba idan masani ne ya yi. In likita ne ya ce ki koma, misali mabiyiya ta sauko ƙasa ana so a sake dubawa wajen sati 32, ki koma. Zuwa duk wata don kawai a ga yaro yana motsi ne ban ga amfaninsa ba.

Tambaya: Ina fama da zafin ƙirji da ciki, in je a yi min sikanin ciki gaba ɗaya a ga ko olsa ce? Daga ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ɗana kar ka ɓata kuɗinka, sikanin ba ya nuna olsa, ba ya nuna taifot, don sautin ba ya ratsa iskar da ke cikin tumbi da hanji. Olsa akwai gwajin ƙwayar cutar da ke kawo ta a bahaya ko numfashi, in ta kama kuma a zura siririyar kyamara ta baki. Ka fara ganin likita ya taɓa cikin ya ji bayaninka, in akwai buƙatar sikanin shi zai rubuta abin da yake so a duba, kafin nan ka daina shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, in ka ga baƙin bahaya ko aman jini kuma asibiti a ranar.