Shin ganye zai iya maye gurbin leda wajen sayar da alala?

Malama, kin tambaya ko za ki iya daina ƙulla alala da ƙosai a leda ki koma ganye, kasancewar kina kai sana'arki kasuwannin ƙauyukan Jigawa. Za ki iya, kuma a ganina hakan ya fi alheri.

Ganyen kalgo ne mafi kusa da hannunki, domin yana da faɗi da kauri, ga shi a kowane daji. Na ayaba kuwa sai a fadama. A wanke shi, a ɗan turara shi ya yi laushi don kada ya tsage wajen naɗewa, sannan a ɗaure da zaren kaba. Fataken goro sun daɗe suna naɗe huhunsu da ganyen fita, goron ya yi doguwar tafiya bai bushe ba.

Abin da ya fi damuna da leda shi ne dabbobi, domin akuya takan haɗiye ta saboda ƙamshin mai, ta yi ta ramewa, sai an yanka ta mahauci ya tarar da ledar dunƙule a tumbinta. Ganye kuwa ruɓewa yake yi ya zama taki. Jihar Legas ma ta haramta robar zuba abinci ta soso a 2024.

Sai dai ki guji ganyen tumfafiya saboda dafin ƙaronsa, da duk ganyen da aka yi wa feshin maganin ƙwari. Kunu da koko kuma ba su zama a ganye, sai mai saye ya zo da kwanonsa.